Auna Bango Kafin Ka Ɗora Azara

 Ɗana, jiya bayan Magariba da ka biyo ni zaure ka durƙusa, ka miƙo mini wayarka kana nuna mini hoton wani katin kwamfuta mai fanka uku da fitilu masu launi, na ga yadda fuskarka ta cika da murna, sai na kasa ce maka komai in ban da “to, Allah ya nuna mana.” Ba share ka na yi ba, kuma ba raina burinka na yi ba. Na dai lura ka riga ka ƙwallafa rai a kan abin, wanda ya ƙwallafa rai kuwa ba ya jin kira sai zuciyarsa ta ɗan lafa, saboda haka na bari har aka yi Isha’i, masu shayin bakin titi suka fara kwashe bencinansu, sannan na jawo fitila na zauna in rubuta maka abin da na riƙe a baki. Ka karanta a tsanake, domin ba hana ka nake son yi ba, so nake kuɗin nan su sayo maka abin da za ka mora.

Kwamfutar da ke ɗakinka na riga ka saninta. Ina tsaye ranar da marigayi Yaya, mahaifinka, ya sauko da ita daga kan mashin a bakin shagonsa na wajen Ƙofar Doka, a nannaɗe cikin bargo, ya ce mini da ita zai riƙa buga wa ɗalibai furojet da katin ɗaurin aure. Dell ce, OptiPlex 7010, mai ƙaramin akwatin nan da ake kwantarwa a kan tebur, irin waɗanda aka ƙera wajen 2012 domin ofisoshin Turai da Amurka, suka gama aikinsu a can, aka loda su a kwantena zuwa Legas, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja kuma suka bazu zuwa Kano da Kaduna da nan Zariya. Ta ciyar da gidanku shekara da shekaru, daga guminta aka biya maka kuɗin sakandare, saboda haka in na kira ta tsohuwa ba zaginta nake yi ba, shekarunta nake faɗa. Ni na sha buɗe ta in kakkaɓe mata ƙura, na san abin da ke cikinta: firosesa Core i5 3470, RAM gigabait 4, tsohon faifan ajiya mai juyawa, sai fawa fak, wato akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta, wanda aka rubuta 240 wat a jikinsa. Ka riƙe wannan lamba ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Bari in fara da aikin da katin yake yi, domin na ga yara da yawa suna sayensa kamar laya, su rataya su jira ikon Allah. Ka tashi a cikin birnin nan, ka san yadda ake aikin babbar riga. Akwai malamin da ke zana aska takwas a jikin ƙyalle, sannan a miƙa wa masu allura, wannan ya kama aljihu, wancan ya kama baya, kowa ya duƙufa yana cike gurbinsa ɗinki bayan ɗinki. To firosesa shi ne mai zanen, katin hoto kuma, wanda masu gyara ke kira girafik kad, shi ne taron masu allura. Sikirin mai faɗin 1920 da tsayin 1080 ɗigo sama da miliyan biyu ke jikinsa, kuma in ana son hoto ya yi tafiya sumul ba tare da sarƙewa ba, sai an sabunta kowane ɗigo kusan sau 60 a cikin sakan ɗaya. Firosesan naka ma’aikata huɗu gare shi, ƙarfafa ne masu basira, amma dai huɗu ne. Katin da ake kira GTX 1050 Ti, wanda ba wani babba ba ne a cikin danginsa, ƙananan ma’aikata 768 ne a cikinsa, kowanne ɗan ƙaramin lissafi yake yi, amma a tare suke yi. Amfaninsa ke nan. Sai dai in mai zanen dattijo ne da hannunsa ya fara nauyi, ko ka tara masa masu allura dubu uku a tsakar gida, zama za su yi suna jiran ya gama zana aljihu, kai kuma ka riga ka biya su ladan yini. Katin da ka nuna mini jiya irin wannan taron ne. An yi shi domin ya yi aiki da firosesan da ya fi naka ƙarfi nesa ba kusa ba, a wurinka rabin ƙarfinsa kwana zai yi.

Ka ce mini kwamfutar “tana nauyi.” Na ji, amma likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya tambayi inda ke ciwo. A ina take nauyin? In wajen tashi ne, ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama shiryawa ba, ko kuwa in ka buɗe AutoCAD da burauza a tare sai ta tsaya cak, to wannan ba ciwon hoto ba ne. Gobe ka kunna ta, ka buɗe aikin da ka saba, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, wani allo zai fito mai nuna wahalar da kowane sashe yake sha. In ka ga faifan ajiya ya manne a kashi 100 ya ƙi sauka, ko RAM ta cika maƙil, ka gano mai laifin. Faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 100 da ɗoriya a sakan, SSD kuwa, wato faifan da ba ya juyawa, a kan wannan wayar dai da ke ciki yana kai wajen 500, kuma ba shi da allurar da sai ta yi yawo tana neman inda aka ajiye abu. RAM ɗinka irin DDR3 ce, gurbi huɗu gare ta a kan bod, wato babban allon da sauran kayan ke manne a kai, kana iya kai ta 8 ko 16. Waɗannan biyun sun fi babban kati araha sosai, kuma na rantse maka na ga kwamfutoci da dama da masu su suka yanke ƙauna da su, aka sa musu SSD kawai suka miƙe kamar an yi musu wankan jego. Zanen fili da kuke yi a AutoCAD ya fi jingina da firosesa da RAM. Inda kati ke nuna kansa shi ne in ka tayar da ginin tsaye kana jujjuya shi, kana sa masa rana da inuwa da itatuwa a irin su Lumion.

Kuma na san akwai wasan ƙwallo na kwamfuta a cikin maganar, domin ina jiyo ihunku kai da abokanka ranar Asabar in an ci wani. Ban ga laifi ba, yaro ba ya girma da karatu kaɗai. Amma ka zauna ka faɗa wa kanka gaskiya, kashi nawa na buƙatar nan na karatu ne, kashi nawa na wasa, domin wanda ya ɓoye wa kansa dalilin sayen abu, ko ya saya ba zai taɓa sanin riba ya ci ko faɗuwa ya yi ba.

To a ce ka gwada, ka ga lallai katin ake buƙata. Kai da kake karatun zanen gine-gine a Jami’ar Ahmadu Bello bai kamata abin da zan faɗa ya yi maka wuyar ganewa ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma’a na birnin nan a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da ƙasa da azara ya yi aikin da har yau ake karanta shi a littattafan fanninku. Maginan da na tarar ina yaro, waɗanda suka gaji irin wannan hannu, ba sa ɗora azara sai sun dubi kaurin bango, sun ƙwanƙwasa shi sun ji amonsa, kuma ba sa jera sabon layin tubali sai na ƙasa ya sha rana. Ka kuma sha ganin abin da ke faruwa a lungunanmu in mutum ya samu ƴan kuɗi ya shafe tsohon bangon ƙasa da siminti: shekarar farko yana sheƙi kowa na yaba shi, bayan damina biyu laima ta taru a ciki ta rasa mafita, simintin ya ɓamɓare falle-falle ya tafi da naman bangon. Simintin ba shi da laifi, bangon ma ba shi da laifi, haɗin ne ba a yi shi da tunani ba.

Ka fara da rula. Akwatinka siriri ne, ba ya karɓar kowane kati sai gajere, mai ɗan guntun ƙarfe a baya, irin wanda aka yi musamman domin ƙananan akwatunan ofis. Mai fanka ukun nan tsawonsa ya kusa santimita 30, ga kauri ga tsayi, ko ka tura shi da ƙarfi murfi ba zai rufu ba. Ramin da ake soke katin a ciki, wanda ake kira PCI Express, shi kam ba matsala, domin tun wajen 2004 da ya maye gurbin tsohon AGP masu ƙira suka kiyaye cewa sabon kati ya shiga tsohon rami ya yi aiki, wannan kuwa rahama ce ga irinmu masu lallaɓa tsohon kaya. Amma wannan rahamar ce take yaudarar yara, domin ganin katin ya shiga ramin sai su ɗauka an gama magana.

Ba a gama ba, saura wuta, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka duka. Ramin nan iyakar abin da yake iya ba kati shi ne wat 75, a wasu ƙananan akwatunan ofis ma littafinsu yakan ce kada a kai hakan. Duk katin da cikinsa ya fi wannan girma sai an jawo masa waya ta musamman daga fawa fak, mai baki shida da ke ƙara 75, ko mai baki takwas da ke ƙara 150. Naka fawa fak ɗin ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, domin ba don wannan aka yi shi ba. Wat 240 ɗin da na ce ka riƙe su ne tukunyar gidan gaba ɗaya, daga ciki firosesa zai ɗebi wajen 77 in aiki ya yi zafi, bod da RAM da faifai da fankoki kowa ya ɗebi nasa, kuma fawa fak da ya haura shekara goma yana shan wutar ƙasar nan ba lallai ya iya bayar da abin da aka rubuta a jikinsa yana sabo ba. Yanzu ka duba: RX 580 da yara ke rububi saboda gigabait 8 ɗinsa, shi kaɗai wat 185 yake ci. RTX 3060 yana cin 170. Ina za su samu a tukunyarka? Kada kuma ka ce za ka sayo babban fawa fak ka musanya, domin na ƙaramin akwati siffarsa daban ce, dogo ne siriri, na kasuwa mai kusurwa huɗu ba shi da wurin zama a ciki.

Akwai wani yaro a bayan layinmu, ba zan kama sunansa ba, kai ma ka san shi. Shekarun baya ya sayo babban kati mai fanka biyu domin kwamfuta irin taka. Da ya ƙi shiga sai ya cire murfin gaba ɗaya ya jingine shi a bango, da ya rasa wayar wuta sai aka sayar masa da wata ƴar igiya da ke jawo wuta daga bakin da aka tanada domin faifan ajiya, bakin da ba a yi shi don ɗaukar irin wannan kaya ba. Ta yi aiki, har ya zo ya kira ni in gani, yana murmushi. Kwana tara aka yi. A na goma da daddare ƙanwarsa ta ji warin roba, kafin a zare waya bakin igiyar ya narke ya yi baƙi ƙirin, fawa fak ya tafi, ya ja bod, ya ja faifan da aikinsa na shekarar ƙarshe yake ciki, ba shi da kwafi a ko’ina. Da safe na tarar da shi a kan dakali ya rafka tagumi, katin na kan cinyarsa, lafiyarsa ƙalau, ba inda za a sa shi. Ban ce masa komai ba, domin ba ranar magana ba ce, na dai zauna kusa da shi har rana ta ɗaga. Allah ya tsare, da gobara ce ta tashi a ɗakin nan mai katifa da labule, da wani labarin ake yi.

Saboda haka katunan da za ka duba su ne masu ƙoshi da abin da ramin ya ba su. GT 1030 na 2017 wat 30 kacal yake ci. GTX 750 Ti na 2014 yana cin 60. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 suna tsayawa a 75, kuma dukkansu akwai gajerunsu da aka yi domin akwati irin naka. In ka tambaye ni, 1650 gajere shi ne ƙarshen abin da bangonka zai ɗauka, shi ma sai mun duba lafiyar fawa fak ɗin tukuna. In kuɗi ba su kai ba 1050 Ti ba abin kunya ba ne. In kuma muka ga fawa fak ɗin ya gaji, 1030 ya ishe ka jujjuya ƙananan gine-ginenka ka buga ƙwallonka daidai gwargwado. Na san ba su da fitilu, ba wanda zai shigo ɗakinka ya yi salati don ya gan su. Daidai ruwa daidai tsaki, ɗana.

Kada ka manta kuma a ina kake zaune. A takarda wutarmu bolt 230 ce, amma kai shaida ne yadda wani dare take zuwa da rauni har fankar sama ta riƙa juyawa kamar mai jin barci, wani lokaci kuma a ɗauke a dawo da ita da ƙarfi kamar an watso ruwa. Sabon kati a kan irin wannan wuta ba tare da stabilaiza ba ajiya ce a bakin rijiya, in da hali ma ka haɗa da UPS ko da ƙarami ne, wanda zai ba ka minti biyar ka adana aikinka ka kashe. In kuma a kan batirin sola za ka ɗora ta, ka yi lissafi da kanka: ƙarin wat 75 na awa huɗu ya zama 300 da za a zare daga batirin da mahaifiyarka ke kunna fitila da fanka da shi. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ka san ba a tayar da shi don wasa. Ga zafin bazara, Maris da Afrilu, lokacin da ake dosar digiri 40 a inuwa, ɗakinka kuma rufin kwano ne. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko’ina ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya kati, shi kuwa in ya ji zafi ya yi yawa rage gudu yake yi da kansa don ya tsira, ka ga ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka bar masa sarari ta baya, duk bayan wata biyu ka fitar da shi tsakar gida ka hure shi da bulowa, kana riƙe da fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima.

Sai maganar kasuwa. Ko PZ za ka, ko Sabon Gari, ko Samaru, ko ka hau mota zuwa Beirut Road a Kano, ka ɗauki akwatinka ka tafi da shi, ka rungume shi a Keke in ta kama, domin ba a cinikin biri a sama. Hoton da wani ya turo maka a WhatsApp ba kati ba ne, hoto ne. Akwai jabu a duniya, kuma sananne ne: ana ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010, a sauya masa rubutun cikinsa ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti, a sa masa sabuwar riga da kwali mai kyau. Kwamfuta za ta nuna maka sunan da kake son gani, amma ma’aikata 192 ne a ciki ba 768 ba. In ka ga wanda ake ce wa 1050 Ti da shuɗin bakin nan na VGA a bayansa, ka yi hattara, na gaskiya ba su saba zuwa da shi ba. Akwai wata ƴar manhaja ta kyauta, GPU-Z, ka sa ta a filas ka tafi da ita, za ta karanto maka ainihin abin da ke ciki. GT 1030 ma iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun a wajen wasa ƙarfinsa yakan faɗi kusan rabi, saboda haka ka karanta ƙananan rubutun. Kada yawan gigabait ya ruɗe ka, GT 730 mai 4 bai kama ƙafar GT 1030 mai 2 ba, girman rumbu ba shi ne yawan hatsi ba. Sannan tun watan Satumban 2022, da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya a matsayin na hannu. Ba duka ne matattu ba, amma ka saurari fankarsu ko tana gurnani, ka sa a kunna wasa ko wani aiki mai nauyi na rabin awa a gabanka, kana kallon sikirin ko zai yi ɗige-ɗige ko layi-layi ko ya ɗauke.

Duk wannan ka yi shi da ladabi. Ka yi sallama, ka gaisa, ka tambayi mai shago iyali, kada ka shiga da fuskar wanda ya zo kama ɓarawo, domin yawancinsu halaliyarsu suke nema, wani ma shi aka fara cuta tun daga inda ya saro. Ka ce masa, “Malam, don Allah a gwada mini a kan tawa, hankalina ya kwanta.” Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Ka nemi rasit da lambar katin a rubuce, ku yi magana a kan kwana nawa zai karɓa in ya ba da matsala, kuma in kuka yi alkawari kai ma ka cika naka, kada ka ƙona abu da gangancinka ka mayar ka ce haka ka same shi.

Sa shi a ciki ba wuya, aikin minti goma ne ga mai natsuwa. Ka zare waya daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Kafin ka taɓa komai ka dafa ƙarfen akwatin da tafin hannunka, musamman da hunturu, domin ɗan tartsatsin nan da kake ji in ka yaye bargo cikin dare ya isa ya kashe abin da ido ba ya gani a jikin kati. Ka riƙe shi ta gefe-gefe kamar yadda ake riƙe hoton da bai bushe ba, kada yatsanka ya hau haƙoransa masu ruwan zinariya. Ka cire ɗan ƙarfen da ya toshe tagar baya, ka daidaita katin a kan dogon ramin da ya fi kusa da firosesa, ka danna a hankali da yatsu biyu har ka ji ɗan maƙallin ƙarshe ya ce ƙas. In ya ƙi, kada ka yi kokawa da shi, ɗago ka duba abin da ya tokare. Bayan nan ka tuna ka cire wayar monita daga tsohon gurbinta ka mayar da ita bayan sabon katin. Wannan ɗan abu ya sa mutane da yawa sun koma shago da faɗa suna cewa an sayar musu da mataccen kaya. Monitarka kuma VGA kaɗai ta sani, saboda haka ka sayo ƴar na’urar da ke juya HDMI zuwa VGA tun a tafiya ɗaya. Direban katin ka sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ba daga faifan wani ba. Yana da nauyi, megabait ɗari-ɗari ne, ka bari sai ka shiga makaranta ko ka yi da datar dare. Kuma tun kafin ka kwance noti ɗaya, ka kwafe ayyukanka a wani wuri daban.

Akwai wata gaskiya da ba zan ɓoye maka ba. Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa’ida tana neman firosesan Intel daga zuriya ta takwas zuwa sama, naka kuwa na zuriya ta uku ne. Ma’ana, duk abin da za mu yi wa kwamfutar nan jinya ce ta ƙara mata shekara biyu ko uku ta raka ka ka gama makaranta, ba mayar da tsohuwa yarinya ba ne. Shi ya sa ba na son ka zuba mata abin da ya fi ƙimarta. SSD da ƙaramin kati mai kyau kuwa ba asara ba ne, domin ranar da Allah ya hore maka sabuwa za ka zare su ka tafi da su.

Na san daga inda kuɗin nan suka fito. Rabi naka ne, na zanen katin biki da kake yi wa mutane, Allah ya ƙara buɗi. Ɗaya rabin kuwa kwasar adashin mahaifiyarka ce, kuma na ga yadda take kai hula kusa da idonta yanzu kafin ta soka allura. Ba ta san mene ne girafik kad ba, ta dai ji ka ce karatunka na buƙata, ta kwance bakin zane ta miƙa maka ba ta tambayi komai ba. Irin wannan kuɗi nauyi gare su, ɗana, ba a kai su kasuwa da gudu. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, kuskuren da a da za a yi a share, yanzu sai a shekara ana biyansa. Kada ka ci bashi a kan wannan, balle na manhajojin waya masu kiran dangin mutum in ya makara. Kada kuma kwamfutar wani abokinka ta hostel ta hana ka barci, ba ka san abin da ubansa ya mallaka ba, shi ma bai san abin da naka ya bari ba. In aikin ƙarshe ya zo mai nauyin da taka ba za ta iya ba, ka roƙi aron tasa na dare ɗaya, ba a raina mai roƙon aron kayan karatu. Ka tuna kuma ba kai kaɗai ke da ita ba, ƙanwarka a kanta take koyon danna amsar JAMB, in ta ƙone ba kai kaɗai za ka yi kuka ba.

Ranar Asabar bayan La’asar ka kawo mini akwatin nan zaure. Ka zo da rula da sukundireba mai bakin kuros, ni ina da bulowa. Za mu shimfiɗa tabarma mu buɗe shi tare, ka karanta mini abin da ke jikin fawa fak ɗin da bakinka domin idona ba ya ganin ƙananan rubutu da yamma, mu auna tsawo da tsayi mu rubuta a takarda, ita za ka sa a aljihu ranar da za ka kasuwa. Kuɗin kuma ka mayar wa mahaifiyarka ta ajiye maka har zuwa lokacin. Ka gaishe ta, ka ce ina yi mata sannu da ɗawainiya.